Saniyarka, Gonata: Wa Zai Biya Ɓarna?

Da zarar gero ya ƙosa, hankalin mai gona yakan koma bakin burtali. A lokacin ne garkunan da suka yi damina a arewa suke gangarowa kudu, su ratsa ƙasar Maraɗi da Damagaram, wasu su tsallaka Najeriya. Saniya ba ta san iyaka ba, dare ɗaya ya ishe ta ta cinye wahalar wata huɗu. Kada ɗan kasuwa ya ce ba ruwansa, domin yau ƴan kasuwa da yawa a Ɗan Isa, Ƙonni da Magarya suna zuba ribarsu a gona da lambu, wasu kuma dabbobinsu ne a hannun makiyaya.

Abin mamaki, wannan rigima tamu ta gida ita ce misalin da wani masanin tattalin arziki haifaffen Ingila, Ronald Coase, ya kafa hujja da shi a 1960. A ganinsa, in an san wanda ke da haƙƙi, kuma zama don sasantawa ba ya da wuya, maƙwabta biyu za su daidaita da kansu. A ce ɓarnar da shanu ke yi ta kai jika 20, shingen ƙaya kuwa jika 5 ne. Ko alƙali ya ba manomi gaskiya, ko ya ba makiyayi, shingen za a yi, tunda shi ne mai sauƙi. Abin da hukunci ke canzawa shi ne aljihun da kuɗin zai fito.

Kakanninmu sun san wannan lissafi ba tare da littafi ba. Bayan girbi, mai gona shi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, ya ba shi damin gero da ruwan rijiya, shanu su ci kara su bar taki. Kowa ya samu. Amma yanzu kara da harawa sun zama haja, ana ɗaure su a kai kasuwa, mu ne ma masu saye don kiwon ragon layya. Abin da makiyayi ya saba ci kyauta ya koma kuɗi, kuma babu wanda ya zauna da shi ya faɗa masa ciniki ya canza.

Nan ne lissafin Bature yake cin tuntuɓe, shi ma ya faɗi haka: sasantawa tana da tsada. Maƙwabcin da kuke haɗuwa a masallaci daban, baƙon da zai wuce da asuba daban. Da wa za ka yi ciniki? A watan Oktoba na 1991, watan da aka sanar da ba Coase lambar yabo ta Nobel, aka yi kisan Toda a jihar Maraɗi, inda mutum fiye da 100 suka hallaka, mafi yawansu mata da yaran makiyaya.

Dokar karkara ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993, ta yi ƙoƙarin share wannan duhu. Ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, waɗanda daga baya suka sauko har matakin ƙauye. Ta kuma ce rigimar gona sai ta bi ta hannun sarakunan gargajiya don sulhu kafin a kai ta kotu. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa. Burtali da makiyaya ba na kowa ba ne balle a sayar, kuma hukuma ce ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara.

A namu ganin, mai kuɗi ya fi kowa shiga haɗari a nan. Sai a nuna masa fili mai araha, ƙasa baƙa wuluk saboda takin shekaru, ya biya a gaban shaidu biyu, ashe burtali aka yanka masa. Ranar da garke ya ratsa, ba shi da bakin neman diyya, kuma shi ne ya toshe hanya.

Kafin kuɗi su fita daga aljihu, a je wurin Kofo na ƙauyen tare da mai gari, a kira maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, a taka iyaka da ƙafa. Akwai takarda ta saye, akwai ta aro, ta jingina da ta kyauta, kuma kowace da irin ikon da take ba mai riƙe da ita.