Majinyacin kwamfuta: Inda ɗalibin likita zai yi kuskure ba tare da an rasa rai ba

Wata mata ’yar shekara 28 ta zo da zazzaɓi na kwana huɗu, ga ciwon kai da na maƙogwaro. Agogo na tafiya a gefen allo. Ɗalibin ne zai zaɓi abin yi: ya yi mata tambayoyi, ya duba jikinta, ya tura jininta gwaji, ko kuma ya rubuta maganin maleriya ya sallame ta. Idan ya sallame ta, manhajar za ta tura lokaci gaba da kwana uku ta dawo masa da ita, fuska a kumbure, dasashi na zubar da jini.

Matar ba mutum ba ce. Majinyaciya ce da aka ƙirƙira a kwamfuta domin koya wa likitoci abin da littafi ba ya iya koyarwa, wato yanke shawara a lokacin da bayani bai cika ba.

Kwaikwayon mara lafiya ya daɗe a makarantun likitanci. A 1960 aka fito da ’yar tsanar Resusci Anne a Norway domin koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, a 1968 kuma Jami’ar Miami ta gabatar da Harvey mai kwaikwayon cututtukan zuciya. Waɗannan hannu da kunne suke horarwa. Majinyacin kwamfuta kuwa tunani yake gwadawa.

A Amurka abin ya shiga jarrabawa tun 1999. A mataki na uku na jarrabawar lasisin likitoci ta USMLE, ana ba mutum majinyaci a allo, ya rubuta gwaje-gwaje da magunguna, ya tura agogo gaba ya ga yadda jikin ya karɓa. Ana ba shi maki a kan abin da ya yi da lokacin da ya yi shi, kuma gwajin da bai kamata ba ko mai haɗari yana rage masa maki. Dalilin wannan tsanani a fili yake: wani rahoto da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2015 ya ce yawancin mutane za su gamu da kuskuren gano cuta aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne likita ya riƙe cutar da ta fara faɗo masa a rai ya daina dubawa. A nan Najeriya, wannan cutar maleriya ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana farawa ne tamkar maleriya ko taifot, maganin ribavirin da ake ba masu shi kuma ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko. Jinkirin ba majinyaci kaɗai yake ci ba. A watan Janairun 2020 cutar ta yi ajalin likitoci biyu a Kano. Ɗalibi zai iya gama makaranta bai taɓa ganin mai Lassa ba, amma a kwamfuta zai iya haɗuwa da ita sau goma a mako guda.

Sai dai akwai gyara. Yawancin manhajojin da ake sayarwa, irin su Body Interact ta ƙasar Fotugal, an gina su ne a kan asibitin da ake danna maɓalli sakamakon gwaji ya fito. Likitan da ke babban asibitin ƙaramar hukuma yana yanke shawara ne alhali samfurin jinin sai an kai shi wani gari, dangi kuma suna lissafin kuɗin gwaji ɗaya kawai. Wanne zai zaɓa? A ganina, majinyacin kwamfutar da ba ya yin wannan tambayar bai gama shirya ɗalibinmu ba. (Kuma babu manhajar da ke koya wa mutum jin saifa da tafin hannu, wannan sai a ɗakin marasa lafiya.)

Kayan aikin ba su ne matsala ba. OpenLabyrinth, manhajar da ake gina irin waɗannan majinyatan da ita, kyauta ce, kuma labari mai rassa na rubutu da hotuna yana buɗewa a wayar hannu. Abin da ke da tsada shi ne lokacin ƙwararren likitan da zai zauna ya rubuta kowane reshe: me zai faru idan ɗalibi ya ba da ruwa, me zai faru idan ya jira, kuma a wace rana ce ma’aikaciyar jinyar da ta ɗebi jinin babu safar hannu za ta fara zazzaɓi.