Ba Kaurin Littafi Ke Koya wa Yaro Turanci Ba

Duk farkon zangon karatu sai an maimaita abin nan da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Kano, ma'aikacin kamfanin roba a Sharada, ko na kamfanin fata a Challawa, mutumin da ya yi wata guda yana tsaye kan inji, zai karɓi albashinsa ya nufi Kasuwar Sabon Gari. Zai sayo ƙamus mai kauri, da wasan kwaikwayon Shakespeare, da kundin tsofaffin tambayoyin WAEC, ya dire wa yaron da ko sanarwar ɗaukar ma'aikata da ke manne a ƙofar kamfanin ba zai iya karantawa ba. Bayan wata uku littattafan na ƙarƙashin katifa, yaro ya sha zagi an ce daƙiƙi ne, kuɗi kuma sun bi ruwa. Niyyar uban mai kyau ce, amma hanyar ce ba ta ɓullewa.

Abin da masana ke kira matakin karatu ba wani abu ba ne illa irin rubutun da yaro zai iya karantawa shi kaɗai ya kuma gane. Ajinsa daban, matakinsa daban. A aji ɗaya a Fanshekara ko Dakata za ka tarar da mai karanta jarida, kusa da shi kuma ga mai haɗa baƙi da ƙyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne imanin da ya kafu a zukatanmu cewa littafi mai wuya shi ke kaifafa ƙwaƙwalwa, mai sauƙi kuma na ragwaye ne. Ka miƙa wa uba ƙaramin littafi mai hotuna, sai ya ɓata rai: "Haba Malam, ɗana fa yana aji uku na sakandare, wannan ai na 'yan firamare ne." Wasu makarantun kuɗi sun gano wannan lagon namu, sai suke cika jerin littattafansu da manyan sunaye don iyaye su ce makaranta ta iya Turanci. Wannan burga ce, kuma yaranmu ne ke biyan farashinta.

Ka zauna kusa da irin wannan yaro ka ga abin tausayi. Yatsansa na ƙarƙashin layi, leɓensa na rawa, ya ja kalma ya tsaya, ya tsallake biyu, ya kalli fuskarka ko za ka agaza. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ka tambaye shi da Hausa, "Me labarin ya ce?" sai ya sunkuyar da kai. Duk ƙarfinsa ya ƙare wajen kokawa da haruffa, babu saura da zai kama ma'ana. Wanda kullum karatu ke kunyata shi kuwa, ranar da ya samu dama zai guje masa har abada.

Ba hasashe ba ne. A shekarar 2000 masanin harshe Paul Nation na ƙasar New Zealand, tare da Marcella Hu, sun gwada masu koyon Turanci, suka gano cewa kafin mutum ya fahimci labari ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100. Wato a shafi mai kalma 200 bai kamata baƙin kalmomi su wuce huɗu ba. A nan ne yaro ke cankar ma'anar sabuwar kalma daga maƙwabtanta, ta zauna masa daram. Idan baƙin sun kai ashirin ko talatin, ba abin da zai canka. Tun a shekarun 1920 wani malami Bature, Michael West, da ke koyarwa a Dhaka ta yankin Bengal, ya lura da haka, ya shirya littattafan da sababbin kalmomi ke shigowa kaɗan-kaɗan. Daga irin wannan tunani jerin littattafai irin su Oxford Bookworms suka samo asali, inda matakin share fage ke da kalmomi 250, na shida kuma 2,500.

Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Wane malamin zaure ne zai buɗe wa sabon almajiri Muhtasar? Sai ya bi ta Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, kuma ba a tambayar shekarunsa. Dattijo mai furfura na zama da Ahalari ba tare da jin kunya ba. A boko ma iyayenmu da Ka Koyi Karatu suka fara, suka wuce Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, kafin su ji daɗin Magana Jari Ce. Me ya sa sai a Turanci muke son yaro ya hau bishiya ta ganye?

Ko gwamnati ta fara gane haka. Shirin KaLMA da aka gwada a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa tare da British Council ya ɗauko salon ƙungiyar Pratham ta Indiya: a gwada 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Tabbas akwai cunkoson aji da ƙarancin malamai da yunwa, amma waɗannan ba a hannun uba suke ba. Zaɓen littafi kuwa a hannunsa yake.

Ga abin yi. Kada ka je sayen littafi kai kaɗai, tafi da yaron. Buɗe tsakiyar littafin, ka ce ya karanta shafi guda da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya. Idan yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, mayar wa mai shago, lokacinsa bai yi ba. Biyu ko uku, shi ne daidai. In ba ko ɗaya, saya masa don nishaɗi, ka haɗa da na gaba da shi. Ko ba ka jin Turanci za ka iya wannan gwaji, domin kunnenka zai ji inda yake tuntuɓe. Sannan ka ce ya ba ka labarin da Hausa. Wannan ita ce jarrabawar gaskiya, don akwai masu rattabo Turanci tiryan-tiryan ba su san abin da suka faɗa ba.

Ka nemi labaran da ke kusa da rayuwarsa. Mai matsakaicin ƙarfi zai ji daɗin Chike and the River na Chinua Achebe, ko The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, ko The Undesirable Element da Mohammed Sule, ɗan Kano, ya fitar a 1977 cikin jerin Pacesetters. Wanda bai kai nan ba, akwai African Storybook da StoryWeaver a intanet, kyauta, an jera labaransu mataki-mataki, har da na Hausa. Wayar da kake kallon TikTok da ita ta isa. Akwai kuma Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Gara ƙananan littattafai goma da zai cinye da ƙato ɗaya da zai yi ƙura. Minti ashirin kullum bayan magariba ya fi awa uku ranar Lahadi. Idan ya gama littafi biyar ko shida cikin sauƙi, ɗaga shi mataki. Kuma don Allah a daina yi wa babban yaro dariya don an gan shi da littafi mai hoto.

Malamai, ku gwada kowane ɗalibi a makon farko, ko da minti biyu ne, ku ware kwali uku na littattafai a aji: mai sauƙi, matsakaici, mai ɗan nauyi. Masu kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa, waɗannan yaran su ne gobe za su karanta gargaɗin da ke jikin duron sinadari da umarnin kunna inji a masana'antunku, kuskure ɗaya kuma na iya cin yatsa ko ido. Kwali biyu na ƙananan littattafai ga makarantar da ke bayan katangarku ba zai girgiza ribarku ba.

Iyaye, guminku ya fi ƙarfin a zubar da shi kan burga. Ku saya wa yaro abin da zai iya karantawa yau, mai wuyar zai same shi a gaba da yardar Allah.