Ciwon Babbar Hanta Na Kaji, Da Dalilin Da Ya Sa Ba Ya Jin Magani

Akwai wani ciwo wanda ya kan bayyana ga kaza bayan ta kai kamar wata huɗu. Sai a ga zankonta ya koɗe ya yanƙwane, ta rame, ta rage ƙwai, ciki kuwa ya kumbura. In an yanka, a tarar hanta ta cika ciki, duk ta yi ƙulli fari-fari. Masu kiwo da yawa kan ɓata kuɗinsu wajen sayen kafso su jiƙa a ruwan sha. Asara ce kurum, ga kuwa dalili.

A cikin 1911 wani likita a birnin Niyok ta Amurka, sunansa Peyton Rous, ya niƙa ƙarin da ya fito wa wata kaza, ya tace ruwan sarai, ya yi wa lafiyayyun kaji allura da shi. Sai su ma ƙari ya fito musu. Watau akwai wata ƙwayar cuta mai tsananin ƙanƙanta, irin wadda ake kira bairas, ita ke kawo shi. Mutane suka yi biris da maganarsa, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, ya riga ya tsufa tukuf. Bairas ɗin ciwon hanta ɗan'uwan wannan ne.

To, akawuna za su fi saurin gane yadda abin yake. Kowace ƙwayar halitta ta jikin kaza tana da babban littafi, shi ne DNA, inda aka rubuta dukan umarnin ginin jiki. In za a yi wani aiki sai a kwafo umarnin a 'yar takarda, ita ce RNA, a kai wa ma'aikata. Daga littafi zuwa takarda, haka aka saba. Amma wannan bairas takarda kaɗai gare shi, sai dai ya kan zo da magatakardansa, wani sinadari mai kwafa da baya. Shi ne zai juya RNA ta zama DNA, sa'an nan wani sinadarin ya yanka littafin kazar ya ɗinke sabon shafin a ciki. Shi ke nan, ma'aikata ba su iya rarrabewa, sai su yi ta ƙera sababbin bairas suna tsammani aikin gida ne. In kuwa shafin ya faɗa kusa da umarnin da ke tsare girma, ƙwayar sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ƙari ke nan.

Howard Temin da David Baltimore su suka gano wannan magatakarda a 1970, kowa da nasa ɗakin bincike, aka ba su Nobel a 1975. Ƙanjamau ma haka take yi a jikin ɗan Adam.

Kun ga ba kafson da zai kankare abin da ya shiga littafi, har yanzu kuma babu allurar rigakafinsa. Rigakafin ciwon Marek, mai shanye ƙafar kaji, ba ya tsare wannan. Mugun abin shi ne uwa ta kan zuba bairas cikin ƙwai, ɗan tsako ya fito da shi, ya shafa wa 'yan'uwansa tun suna ƙanana. Saboda haka kada a sa wa kaza ƙwai daga garken da aka ga ciwon. Wadda ta kamu a fid da ita, a kai wa malamin dabbobi hantar ya duba. 'Yan tsaki kuma a saye su wurin da ake gwada iyayensu, ko da sun fi tsada. A wanke akurki da sabulu a bar shi ya sha rana kafin a zuba sababbi, don bairas ɗin ba ya daɗewa a waje.