Bado, Bafataken da Ya Riga Ayari Tashi

Idan damina ta kankama, kogin Zio ya cika ya batse a bayan Agoè-Zongo, ka yi sammako ka tsaya a bakin kududdufi. Ga bado nan ya shimfiɗa ganye a kan ruwa kamar faya-fayai, farin furensa da ya buɗe da dare bai kai ga rufewa ba. Tsinko ɗaya ka ɓare shi kamar albasa. Fararen ɓawon suna ta ƙanƙancewa zuwa ciki, suna rinewa rawaya, har su rikiɗe su zama tsinkayen da ke ɗauke da garin barbara. Ba ka iya nuna inda wannan ya ƙare wancan ya soma.

Da can gida biyu masana suka raba tsirrai masu fure, rabon da kowace uwargida ta sani a tukunyarta: wake da gyaɗa suna darewa biyu, gero da masara kuwa ƙwaya guda ce. Aka cusa bado a buhun su wake. A 1999 da aka bi salsala ta ƙwayoyin gado, yadda kaka ke warware wa jika zumunci, sai aka ga ashe dangin bado sun ware tun su wake da su gero ba su rabu ba, shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce. Reshe ɗaya kaɗai ya riga su fita, wani ɗan itace mai suna Amborella da ke tsibirin Sabuwar Kaledoniya.

Wasu kan ce to bado ne kakan furanni. A'a, kuma mu 'yan zango mun fi kowa sanin dalili. Kakanninmu fatake sun baro ƙasar Hausa tun zamanin fataucin goro, amma ba kakannin Kanawan yau ba ne mu, 'yan uwansu ne. Mun riƙe wasu tsofaffin kalmomi, mun kwaso na Ewe da Faransanci, a 1977 ma aka tashe mu daga tsakiyar Lome zuwa nan. Haka bado: ya riƙe tsohon kaya, ya kuma koyi zaman ruwa da kansa.

A 2007 aka binciki wata 'yar ciyawa ta fadamun Ostireliya da aka daɗe ana lissafa ta cikin dangin su gero. Sai ga ta 'yar gidan bado, kamar yaron da ba ya jin komai sai Ewe, ka tambayi asalinsa a ce maka Katsina.