Daga Wankan Jego Zuwa Bakin Aiki

Wannan mako zancenmu a kan mai jego ne wadda take da aikin albashi, ko malamar makaranta, ko malamar asibiti, ko ma'aikaciyar ofis. Irinsu suna da yawa yanzu a cikin birnin Kano, daga Yakasai har Gwale.

A al'adarmu mace takan yi kwana 40 tana wankan jego, tana shan kunun kanwa, in haihuwar fari ce ma a gidan iyayenta. To, dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashinta in ta yi wata shida tana aiki a wurin. Ku lissafa ku gani: mako shida kwana 42 ne, watau arba'in da kwana biyu kacal. Gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta fiye da haka, jihar Legas kuwa a 2014 da ta Kaduna a 2019 suka mai da nasu wata shida. Saboda haka kowace ta tambayi ƙa'idar wurin aikinta tun da tsohon ciki, kada ranar komawa ta zo mata ba shiri.

Abu na farko shi ne, wa zai riƙe yaron? A da gida cike yake da kaka da gwaggo da abokiyar zama, jariri ba ya rasa baya. Yanzu amare da yawa suna zaune su kaɗai, shi ya sa aka buɗe gidajen raino. Kafin ki kai ɗanki, je ki da kanki ba tare da kin faɗi ranar zuwanki ba. Duba yara nawa ne a hannun mai raino guda. Duba ko akwai ruwa mai tsabta da sabulu, da gidan sauro, da taga mai shigo da iska. Ki fara barinsa awa ɗaya ko biyu tun saura mako guda ki koma aiki, don ya saba da hannun.

Abu na biyu, nono. Kada komawa aiki ta sa ki yaye ɗanki ko ki fara ɗura masa koko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba kunu, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Ki wanke hannu, ki tatsa a kofi mai murfi wanda aka tafasa, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa huɗu a ɗaki, da zafin bazara irin na Kano kuwa gara a sa shi a firji. Kuma dokar nan ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki. Hakkinki ne, kada ki ji nauyin nema.

Abu na uku, rigakafi. Ana yi wa jariri allura a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. Kun ga ta mako shida tana faɗowa daidai da lokacin komawa aiki, nan ne wasu ke mancewa. Yaron da zai zauna cikin yara lalle a cika masa katinsa. Asibitin yara na Hasiya Bayero da na Murtala a Ƙofar Mata duk a kusa suke. In kuwa ya tashi da zazzaɓi ko gudawa, asibiti za a nufa da shi, ba gidan raino ba.

Saura magana guda, ga iyaye da ku 'yan makaranta. Kada a cire yarinya daga aji don ta yi wa yayarta raino. Ita yayar da ilmi ta sami aikin, ba daidai ba ne a biya mata bukata da ilmin ƙanwa. Taimako bayan an tashi daga makaranta ya isa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu jego lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.