Shanun Dutsen Mesa da Masu Neman Atlantis a Hamada

Akwai wani irin bidiyo da ya kama wayoyin matasa a 'yan shekarun nan. Za a nuno hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko na wani wuri a hamadar Muritaniya mai suna Richat, da'ira cikin da'ira, faɗinsa kusan kilomita 40. Sai murya mai kauri ta ce wannan shi ne kufan Atlantis, birnin wata al'umma da ta fi mu ilimi, wadda ambaliya ta shafe shekara 12,000 da suka wuce, kuma wai masana sun sani, ɓoyewa suke yi. Daga Kano har majalisun shayi na Birnin Kudu da Unguwar Ya da Gwaram, ba a rasa wanda ya kalla ya kuma gaskata.

Labarin tsoho ne. Aflatun, masanin falsafar Girka, shi ya fara rubuta sunan Atlantis wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin wani misali da ya buga game da ƙasar da girman kai ya hallaka. A 1882 wani ɗan siyasar Amurka, Ignatius Donnelly, ya mayar da misalin tarihi. A 1968 Erich von Däniken ya ce ai baƙi ne daga wasu taurari suka koya wa mutanen da gini. Madugun tafiyar a yau shi ne Graham Hancock, ɗan jaridar Ingila, wanda littafinsa na 1995 ya yi kasuwa, sannan Netflix ta haska shirinsa a 2022. Hujjarsa ta rataya ne ga wani sanyi mai tsanani da ya afka wa duniya wajen shekara 12,900 da suka wuce, ya yi shekara 1,200 bai sake ta ba. Ya ce tauraro mai wutsiya ne ya faɗo, ya hallaka wayayyun, 'yan tsirarun da suka tsira suka bazu suna koya wa sauran mutane noma da gini.

Sanyin dai gaskiya ne, an karanta shi a cikin ƙanƙarar Girinlan. Yawancin masana na ganin ruwan narkewar ƙanƙara ne ya kwarara cikin Tekun Atlantika ya dagula igiyar da ke kai ɗumi arewa. Batun tauraron kuwa wasu masana ne suka kawo shi a 2007, har yau ana ta ja a kai. Kuma kada a ɗauka masana ba su yarda da manyan bala'o'i ba. A 1923 wani Ba'amurke masanin duwatsu, J Harlen Bretz, ya ce wata gagarumar ambaliya ce ta yayyaga ƙasar gabashin jihar Washinton. Abokan aikinsa suka yi masa dariya shekara da shekaru. A 1979, yana da shekara 96, suka ba shi babbar lambar yabon fanninsu. Abin da ya fisshe shi, ya yi ta yawo da ƙafa yana auna kwazazzabai da duwatsun da ruwa ya kwasa, har aka gano tafkin da ya ɓalle. Wanda ya musa, sai a ce masa ga wurin nan, je ka duba.

To mu ma muna da wuraren da za a ce je ka duba. Duwatsun Dutse da Birnin Kudu, da na Kila da Fagam a ƙasar Gwaram, da na Shira da Ningi, 'yan gida ɗaya ne da na Jos da na Azbin. Gindin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ruwa da iska sun cinye samansu, saura tushen, kuma da yawansu idan aka hango daga sama a kewaye suke. Richat ma hanyar da ta bi ke nan: narkakken dutse ya turo ƙasa ta kumbura wajen shekara miliyan 100 baya, zaizaya ta aske kan, sassa masu tauri suka tsaya, masu laushi suka lotsa. An sami gatura na dutse barjat a gefenta, na mutanen farko-farko. Ba a sami harsashin gini ko ɗaya ba.

Jigayin yashin da ke miƙe a layi-layi a sassan Jihar Jigawa su ma shaida ne. A 1958 masanin ƙasa A. T. Grove ya nuna cewa tuddan hamada ne da iska ta tara lokacin da Sahara ta gangaro har ƙasar Hausa, daga baya ciyawa ta ɗaure su. Bayan wannan ƙishi sai damina ta dawo da ƙarfinta. Tsakanin kusan shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara makiyaya ce mai tafkuna, da kada da dorina. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato kamar Jihar Jigawa sau 15, kuma tsohon bakinsa shi ne doguwar jigawar da ta ratsa Maiduguri da Bama. A Dabous, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 a jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta sha wuya. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, ya ci karo da itace mita 5 a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994: kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, shekararsa kusan 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Sassaƙarsa ta gwani ce, goshinsa a fiƙe, jikinsa a siriri, abin da ke nuna sana'ar ta daɗe kafin shi.

Sai na bakin ƙofarmu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da ke Birnin Kudu, ƙarƙashin inuwar manyan duwatsun da suka jingina da juna, akwai zanen shanu da jan launi, wani wuri da fari. Idan rana ta take sai mutum ya saba da inuwar kafin idonsa ya kama su. Ga saniya doguwar jiki, ƙahonninta sun buɗe sama, wata an cike ta da launi, wata layin jikinta kawai aka ja. Ɗan Fulani ya fi malamin makaranta saurin lura da abin da ya ɓace: yawancinsu ba su da tozo. Bayansu a miƙe yake daga wuya har gindin wutsiya. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da muke kiwo yau duk masu tozo ne, jinin shanun da asalinsu Indiya, waɗanda suka iso yammacin Afirka daga baya. Marasa tozo sun rage a wurare kaɗan, irin Kuri na Tafkin Chadi da Muturu na kudancin Najeriya. Ashe wanda ya yi zanen nan makiyayi ne, ko maƙwabcin makiyayi, ya zana irin dabbar da a yau babu ita a garkunan yankin. Ya rubuta mana sauyin kiwo da na yanayi ba tare da harafi ba.

A gefen zanen akwai duwatsu masu amo. Ka ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa, sai ka ji ƙara kamar ta kuge, kuma wuraren da aka saba bugu sun lotsa sun yi santsi saboda yawan hannayen da suka wuce ta kansu. Bernard Fagg, jami'in kayan tarihi wanda ya fito da sunan tsohuwar al'ummar Nok, shi ya bayyana wa duniya wurin a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma rubuta cewa mutanen gari na zuwa can lokacin bukukuwan aure. Wato Bature bai gano wa 'yan Birnin Kudu komai ba, su suka san hanya. Akwai 'yan'uwan wannan zane a Shira da Geji cikin Jihar Bauchi.

Abin da ya fi damuna da waɗancan bidiyoyi shi ne inda suke kai yabo. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga wani kan tagulla da kawunan yumɓu a Ile-Ife, kyansu ya ruɗa shi, sai ya ce ragowar Atlantis ne, don a ganinsa Bayarabe ba zai iya ba. Ganuwar dutse ta Zimbabwe an daɗe ana jingina ta ga Finikawa da Sarauniya Bilkisu, har Gertrude Caton-Thompson ta tona a 1929 ta tabbatar da aikin 'yan ƙasa ne. A 1930 wani masani, C. G. Seligman, ya wallafa cewa duk wayewar Afirka wasu fararen makiyaya ne suka shigo da ita. Yau an daina faɗin haka a fili, sai a ce Atlantis ko baƙin sama, amma ƙarshen zancen ɗaya ne: kakanka bai yi ba, yi masa aka yi. Mu ma ba mu tsira ba. Da an ga tsohuwar rijiya mai zurfi ko ginin da ya ba da mamaki, sai a ce Samudawa ne ko aljanu. Kuma kowane gari na son a ce daga Bagadaza ko Yaman ya taso, alhali malaman tarihi Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun sha nuna wa ɗalibansu a Zariya cewa sarautun ƙasar Hausa a nan suka tsiro, daga noma da ƙira da fatauci.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Duk inda mutane suka zauna sai sun bar juji: tsingaro, toka, ƙashin abin da suka ci, kashin maƙera, kaburbura. Nok ta bar nata, har da murhun narka tama a Taruga. Durɓi ta Kusheyi a Katsina ta bar nata. Mafarautan da suka rayu zamanin da ake cewa Atlantis na nan, su ma an tono sansanoninsu da yawa. Yaya za a ce an ga murhun mafarauci amma ba a ga ko ƙusa ɗaya ta daular da ta mallaki tekuna ba? Maganar ɓoyewa kuma ba ta shiga. Göbekli Tepe ta Turkiyya, mai shekara fiye da 11,000, wadda masu bidiyon ke kafa hujja da ita, masanin tono Klaus Schmidt ne ya fara haƙa ta a 1995, ya rusa abin da littattafai suka daɗe suna koyarwa, kuma da haka ya yi suna.

Wasu na raɓa waɗannan labarai da ruwan Ɗufana don su sami shiga wurin Musulmi. Ƙissar Annabi Nuhu na nan a Alƙur'ani, ba ta jiran shaidar mai shirin talabijin, balle wanda a wani gefen yake cewa halittun taurari ne suka ƙagi addinai.

Shekarun abu ana gane su ne daga inda yake kwance. Gawayi ko ƙashi ko itace na ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, da shi aka auna kwalekwalen Dufuna. Tukunyar da aka fizge daga raminta aka wanke aka kai wa dillali ta rasa wannan shaida har abada. Don haka mai haƙa rijiya, da mai ɗiban ƙasar gini, da mai fasa dutse: in ka ci karo da tukunya ko ƙashi ko zane, ka dakata, ka ɗauki hoto, ka gaya wa mai unguwa, a sanar da ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ke Birnin Kudu. Malaman makaranta kuma su riƙa kai yara wurin, su hana su rubuta sunayensu da gawayi a kan shanun.