Yadda Malami Zai Bi da Yara Masu Kai Ƙara a Aji

Babu hakimin da bai san bambancin mai kawo ƙara da mai kawo sara ba. Na farko an cuce shi ne, ya zo neman hakkinsa. Na biyu kuwa so ya ke a ga laifin wani, don shi ya sami shiga. To, irin wannan rarrabewa ita ce ke gaban malamin makarantar firamare, wadda dā a ke kira elementare, kowace safiya. "Malam, wane ya ɗauki fensirina." "Malam, wance tana cin gyaɗa." In malami bai san yadda zai bi da su ba, sai lokacin karatu ya ƙare a shari'a.

Dalilin Wannan Hali

A 1932 wani masani mutumin Suwizalan, Jean Piaget, ya buga littafi a kan yadda yara ke gane daidai da kuskure. Ya nuna ƙaramin yaro yana ɗaukar dokar manya abin da ba ya taɓuwa, saboda haka in ya ga an keta ta sai ya ga wajibi ne ya faɗa. Sai ya ƙara girma sa'an nan ya ke fara jin kunyar tona asirin abokinsa. A 2010 kuma aka buga wani bincike da aka yi a birnin Belfast a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 4, aka tarar yawancin ƙarar da su ke kaiwa gaskiya ce, ba ƙage ba. Watau ƙaramin yaro mai yawan kai ƙara ba lalle ne mugu ba. Bai iya tantance babban laifi da ƙarami ba ne tukuna.

Kuskure Biyu

Wani malami in ya gaji sai ya ce kada kowa ya sake kawo masa ƙara. Wannan hatsari ne, gama ran da babban yaro ya tare ƙarami a hanya yana ƙwace masa kuɗin tara, ko wani ya zo da reza aji, ba wanda zai buɗe baki. Wani malamin kuwa duk abin da aka kawo masa sai ya hau, ya hori wanda aka ambata ba bincike. Nan da nan yara za su gane sara tana ci, aji ya cika da annamimanci da gaba.

Hanyar da ta Dace

Na ɗaya, tun farkon shekara malami ya koya musu tambaya guda: wannan magana don a ceci wani ne, ko don a jefa shi cikin wahala? Duka, da rauni, da ciwo, da sata, da baƙon da ke jan yaro gefe, waɗannan tilas a faɗa nan take, a kuma yaba wa wanda ya faɗa.

Na biyu, ƙananan abubuwa kamar rigimar wurin zama, a sa yaro ya fara yi wa ɗan'uwansa magana da kansa. In abin ya faskara, ya jira lokacin tara.

Na uku, kada a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa, kada kuma a bayyana sunan wanda ya kawo labarin zalunci, don kada a rama a kansa bayan an tashi.

Na huɗu, aikin monita na rubuta sunayen masu surutu a riƙa juya shi, kada ya daɗe a hannun yaro ɗaya har ya zama makami.

Rabon Hakimi

Dokar ilmi ta Nijeriya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu makaranta, hakimai da dagatai kuwa su ne ke jan hankalin talakawa ga wannan. Amma yaron da a ke zalunta, ba mai jin kukansa, shi ne ke fara gudun makaranta. Saboda haka in hakimi ya fita rangadi, ya kyautu ya tambayi hedimasta ta wace hanya yaro mai tsoro zai iya kai kukansa a asirce, magatakarda kuma ya rubuta amsar don a duba a zuwa na gaba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya koyi wannan bambanci a aji, in ya girma zai zo gaban hakimi da shaidar gaskiya, ba da sara ba.